Sawun Zabo a Littafin Malam

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Daga Sallau magini, mutumin Batsari, zuwa ga ɗansa Dogo, wanda zai bi ayarin Lahadi zuwa birnin Katsina. Ina gaishe ka gaisuwar uba. Allah Ya sa ka buɗe takardar nan kana zaune lafiya, ƙafarka ta huta. Allah Ya tsare ka daga mahara a hanya, da ruwan da cikinka bai saba da shi ba, da abokin da zai ja ka inda ba ka nufa ba.

Za ka ga rubutun ya karkace. Nawa ne. Ban kai wa Liman ya rubuta mani ba, don ba na son abin da ke ciki ya shiga kunnen wani kafin naka. Ka san izu biyar na yi aka cire ni daga makaranta aka kai ni bakin kwaɓa ƙasa. Kwana tara na yi ina rubuta ta, kaɗan-kaɗan bayan la'asar. Inda harafi ya faɗi, ka tashe shi da kanka.

Bayan haka, zan fara maka da wata safiya, farkon damina, lokacin kana goye. Muna zaune Yasore a lokacin. An yi ruwa da asuba. Na fito zan tafi Batsari wurin aiki, sai na tarar da mahaifiyarka a tsugune bayan rumbu. Ga kasko da garwashi, ga wuƙaƙenta uku a cikin wuta, ga sabuwar ƙwarya a cinyarta. Amma ba ƙwaryar take kallo ba, ƙasa take kallo. Gero ya zube a wurin, zabi sun zo sun tsince, sun bar sawunsu a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, wani kan wani. Ta zaro wuƙa mai zafi ta ƙona sawu ɗaya a bakin ƙwaryar, yatsu uku. Ta juya na biyu ya fuskanci na farko, ta cusa yatsansa na tsakiya tsakanin yatsun wancan. Na uku ya sake juyawa. Haka ta yi ta yi har ta kewaye ƙwaryar, ƙarshen ya kama farkon, ba ka gane inda aka soma.

Na ce, "Ke, wannan kuma a ina kika gan shi?"

Ta ce, "Ga masu shi can kan danga suna kuka. Je ka tambaye su." Sannan ta ce, "Ka tsaya nan kana kallon aikin mata, Baba Tanko zai ci maka mutunci."

Baba Tanko ka san shi, ubangidana ne, Sarkin Maginan Batsari. A shekarar muna gina zauren mai gari, ya bar mani goshin ƙofa in yi mata ado. Shi ne karo na farko da ya sakar mani bango ni kaɗai. Na ce a raina sawun zabon nan zan sa. Sau uku ina ɗorawa ina kankarewa, juyin nan na biyu ya ƙi mani. Sai da mahaifiyarka ta zana mani shi a ƙasa da yatsa, yau da gobe da jibi, tana cewa, "Hannunka na tubali ne, sassauta shi." Ranar huɗu ya zauna. Yana nan har yau, ka sha wucewa ta ƙarƙashinsa.

Yanzu in gaya maka wane ne mutumin da za ka zauna gabansa. Kai labarin Malam Isiyaku ka ji wurin Liman, ni kuwa na ja mashi jaki. Haifaffen birni ne. Ya yi karatu a Katsina, ya tafi Sakkwato ya daɗe, can ya koyi ƙasidun Larabawa da yadda ake auna baiti. Da ya dawo ya buɗe zaurensa, ɗalibai suka riƙa zuwa har daga Daura da Zazzau. Ya rubuta sharhi a kan tsofaffin ƙasidu, ya kuma tara waƙoƙin wa'azi na Hausa da na Fulatanci, kowace da sunan mai ita da wanda aka ji ta daga bakinsa. Duk wannan malamai sun yaba mashi. Abin da suka yi mashi dariya a kai shi ne, kowane rani sai ya rufe karatu ya hau jaki ya shiga ƙauyuka, yana kallon bango, da ɗinkin riga, da gafakar littafi, da zayyanar da ake yi wa Alƙur'ani, yana tambaya wa ya fara wannan, wa ya koya daga wa. Na ji Liman na wancan lokacin ya ce mashi, "Allah gafarta Malam, mai ilmi irinka da lissafin laka?" Malam ya ce, "Liman, in na karanta maka baiti ban faɗi mai shi ba, za ka ce na ci amana. To, bangon nan ma wani ne ya yi shi, kuma shi ba shi da ɗaliban da za su riƙe sunansa."

Ya zo mamu rani na farko bayan an gama zauren. Baba Tanko ya haɗa shi da ni in kewaya da shi.

Kuskurena na farko a Safana na yi shi. Akwai wani tsohon soro bayan kasuwa, da ado a gabansa. Malam ya tambaye ni wa ya gina. Ban sani ba. Amma ga babban mutum ya dube ni yana jira, na ga kamar in na yi shiru na kunyata garinmu. Na ce kakan Baba Tanko ne. Ya jiƙa alƙalami ya rubuta. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa a gindin bangon ta ce, "Kai yaro, ji tsoron Allah. Wani Bazazzage ne ya gina shi, ni na kai mashi ruwa ina yarinya." Malam bai yi mani faɗa ba. Ya fito da 'yar wuƙa ya kankare wurin a hankali, har takardar ta kusa hujewa. Ya ce, "Sallau, takardar nan daga bayan hamada ta zo a kan raƙumi. In ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba. Ita ma ina rubuta ta."

To, kai ma za a tambaye ka. Za su ji daga yamma ka fito, su tambaye ka labarin Ruma, da Dajin Rugu, da abin da aka yi kafin a haife ka. Abin da ka gani ka ce na gani. Abin da ka ji ka ce na ji, ka faɗi wurin wa. Sauran ka ce ban sani ba, ka bar fuskarka a sake. Nauyin kalmar nan a baki yake, da ta fita shi ke nan.

Kuskure na biyu shi ne dalilin takardar nan, kuma washegarin ranar na yi shi, maganar Malam ba ta ko bushe a kunnena ba.

Mun dawo Batsari, Malam ya tsaya gaban zauren mai gari. Ya daɗe a tsaye, har aka kawo mashi buzu bai zauna ba. Ya bi sawun da sandarsa daga dama, yana neman inda aka fara, bai samu ba. Mutane suka taru, ga mai gari, ga Liman, ga dattawa. Ya ce, "Na je Kano, na je Zazzau, ban ga wannan ba. Aikin wa ne?"

A wurinmu magina, duk abin da yaro ya yi, sunan ubangidansa ake kira. Da Baba Tanko ya ce nashi ne, ba mai cewa ya yi ƙarya. Amma ya nuna ni da haɓa ya ce, "Yaron ga ne. Ni ban sa hannu ba." Kyauta ce ya yi mani, irin wadda ba a cika yi ba.

Malam ya juyo ya ce, "Sallau, a ina ka samo shi?"

Ka san halinmu. Mutum ba ya ambaton matarsa a taron maza, balle uwargidansa, balle a gaban ubangidansa. Yadda ban taɓa kiran sunanka na yanka ba don kai ne na fari, haka bakina bai taɓa kiran nata ba. Na buɗe baki, na ji kamar zan tuɓe a kasuwa. Na sunkuyar da kai ina kallon ƙafata. Malam ya yi murmushi ya ce, "Mai aiki ba ya yabon kansa. Madalla." Ya rubuta cewa wani saurayi magini a Batsari, Sallau, shi ya ƙago wannan zane.

Kada in ɗora wa nauyin baki dukan laifin. Ina iya binsa bayan gari in faɗa mashi mu biyu, ai ni na raka shi har Darini, yini guda muna tafe ba kowa sai jaki. Ban faɗa ba, don abin ya yi mani daɗi. Ina ɗan shekara ashirin da ɗoriya, malamin birni ya rubuta sunana.

Ban gaya wa mahaifiyarka ba. A bakin rijiya ta ji. Da na shigo tana tankaɗe, ba ta ɗago ba, ta ce, "An ce ka shiga littafi."

Na ce, "Haka aka ce."

Ta ce, "To, barka. Zabi ma ba su shiga ba, balle ni."

Na yi dariya, na ɗauka ta wuce. Sai bayan shekaru na lura da wani abu. Ta ci gaba da zanen ƙwarya, matan Yasore da na Darini suna zuwa saye, amma sawun zabo ba ta sake sa shi a kan ko ɗaya ba. Wata mata ta taɓa roƙonta ta yi mata irin na zauren mai gari, ina ji daga ɗaki, ta ce, "Wannan na magina ne, ban iya ba."

Abin da nake son ka ɗauka a nan: ladabi abu ne mai kyau, kuma ba na so ka zama marar kunya a gidan mutane. Amma duk lokacin da ka ga yin shiru ya jawo maka wani abu da ba naka ba, ka tsaya ka duba shirun nan da kyau. Ni na kira nawa ladabi shekara goma sha takwas.

Kuskure na uku na hannu ne, kuma shi ya fi kusa da aikin da za ka yi. Bayan mun komo Batsari da zama, aka kira ni Safana in gyara tsohon soron nan, ruwa ya ci gabansa. Ina shafe na ga wani layi a cikin adon ya taho ya yanke, an bar tazara kamar faɗin yatsu biyu, sannan ya ci gaba. Na ce tsohon magini ya yi mantuwa. Na haɗe layin, na shafe da makuba, na koma baya na duba, na ji daɗin kaina. Shekara bakwai bayan zuwansa na farko Malam ya dawo. Ya fito da takardarsa ya duba, ya dubi bango, sai ya nemi wuri ya zauna a ƙasa. Ashe Bazazzagen nan duk inda ya yi gini sai ya bar wannan tazarar, da ita Malam ya bi sawunsa gari-gari har ya gano wurin wanda ya koya. Ya ce, "Wa ya gyara?" Wannan karon na ce ni ne. Ya ce, "Ka iya aiki, Sallau. Ka share mutum guda."

Kai aikinka kwafe littafi ne. Za ka ci karo da kalmar da za ka rantse kuskure ce. Hannunka mai kyau ne, kuma masu kyan hannu su suka fi saurin gyara. Kada ka gyara. Rubuta yadda ka gani, ka sa 'yar alama a gefe, ka tambaya. In Malam ya ce kuskure ne, ka gyara da izninsa. In ya ce a bari, ka bari ko da ba ka gane ba.

A wannan zuwan ne kuma ya zaunar da ni a inuwar zauren mai gari ya karanta mani abin da ya rubuta a kaina. Rabin shafi ne. Ya faɗi yadda sawun ke juyawa, ya kwatanta shi da waƙar da ƙarshen kowane baiti yake buɗe na gaba. Ya ce ɗalibansa suna son wurin. Ya tambaye ni ko akwai abin da zan ƙara. Ga dama ta biyu, mu biyu ne kawai. Amma a lokacin ana kirana aiki Safana da Darini har Ruma, kowa cewa yake a yi mashi zanen Sallau, da shi na ɗaga katangar gidan da ka girma a ciki. Na ce, "Babu, Allah gafarta Malam." Abin da ka ƙi faɗa yau, gobe sai ka tarar ka yi gini a kansa, faɗarsa ta koma rushe gini. In ka yi laifi a gidan Malam, ko tawada ka zubar a kan shafi, ka faɗa kafin a yi sallar da ke gaba.

Watan jiya saƙo ya zo cewa idon Malam ya yi rauni, yana so a yi wa littafin adon nan kwafi na ƙarshe tun yana iya saurare, daga shi za a kwafa a kai wasu garuruwa. Liman ya ba da sunanka. Kowa ya yi murna. Mahaifiyarka tana daka maka garin guzuri, ta tsayar da taɓarya ta ce, ba ni take kallo ba, "Ashe da hannunsa zai rubuta wurin nan."

Na kwana biyu da maganar. Sannan na same ta na ce, "Kina so a gyara?"

Ta ce, "Shekara goma sha takwas ba ka tambaye ni ba, sai da jaki ya tsaya ƙofar gida?"

Na ce, "Na yi laifi."

Ta ce, "Na sani, ai ina nan aka yi." Sannan ta ce, "In za a rubuta, a rubuta daidai. Ni da wuƙa na yi shi a kan ƙwarya. Na bango kai ka ɗora, sau uku kana kankarewa. Kada a ƙwace maka bangonka."

Na je wurin Baba Tanko, don ba zai kyautu ya ji daga birni ba. Na same shi a ƙofar gida yana shan hantsi. Na faɗa mashi duka. Ya daɗe yana tauna goro, ya ce, "Ka san abin da za a ce? Za a ce maginan Batsari bayan rumbu suke koyon aiki. Maginan Safana sai sun yi shekara suna yi mamu dariya."

Na ce, "Na sani, Baba."

Ya ce, "Kuma masu kiranka aiki za su ragu."

Na ce, "Shi ma na sani."

Ya tofar ya ce, "Ni na nuna ka rannan, ashe gefe na nuna. Tashi ka ba ni wuri. Ka gaishe ta."

To, ga abin da nake roƙonka. Kada ka faɗa ranar da ka isa, baƙo ba ya sauka da gyara. Kada ka faɗa gaban ɗalibai, babban mutum ne, kuma kuskuren ba nashi ba ne, ni na sa shi. Kada kuma ka sauya sunan da alƙalaminka a ɓoye, na riga na gaya maka abin da na yi wa bangon Safana. Ka yi aikinka shafi bayan shafi har ka iso babin bango. Ranar da ka iso sunana, ka ajiye alƙalami, ka nemi ganinsa shi kaɗai, ka durƙusa ka ce mahaifinka ya aiko da magana. Ka karanta mashi takardar nan daga safiyar Yasore har nan.

Yana iya yin fushi. Yana iya cewa ɗan wanda ya ruɗe shi sau biyu ba zai taɓa littafinsa ba. Ban zaci haka ba, amma na sa ka cikin wannan hatsari ina sane, kuma ina neman gafararka. In ya sallame ka, ka gode mashi, ka biyo ayari, gida na nan, ba wanda zai ce ka kasa. In ya ce a gyara, ka rubuta abin da ya faɗa, ba ƙari ba ragi.

Sauran ƙanana ne. Ka wanke hannu kafin ka taɓa takarda, man gyaɗa ba ya fita. Ka gaida iyalinsa daga bayan ƙofa. In ɗalibai sun rabu biyu a kan wata magana, kai aikinka rubutu. Ka ci abinci ko ba irin namu ba ne, kada ka ce a gidanmu ba haka ake yi ba. Duk ayarin da zai yo yamma ka aiko da kalma, ko ta baki ce, saboda mahaifiyarka.

Tana gaishe ka. Ƙannenka suna gaishe ka. Liman ya ce ka riƙe sallah a kan lokacinta. Allah Ya kai ka lafiya, Ya zaunar da kai lafiya, Ya sa Malam ya ji daɗin hannunka, Ya ƙara mashi kwana har ya ji an karanta littafinsa daga farko zuwa ƙarshe. Allah Ya dawo mamu da kai muna raye. Amin.

Malam zai tambayi suna, kuma tunda ba ya gani, dole da baki za ka faɗa. Na san ɗa ba ya kiran sunan uwarsa. Sau ɗaya ne. Ka faɗa da ƙarfi yadda ba zai ce ka maimaita ba: Ramatu 'yar Buba, mutuniyar Yasore, mai zanen ƙwarya.

Zai kuma nemi shaidu, don ba zai yi gyara irin wannan da maganar mutum guda ba, balle tawa yanzu. Ba ni kaɗai na tsaya bayan rumbun nan ba. Akwai Goggo Dije, ƙanwar kakanka na wajen uwa, ta shigo ɗiban wuta ta tsaya da kaskonta har aka gama. Tana Darini, kunnenta ya yi nauyi amma hankalinta garau. Akwai kuma kawunka Jaɓɓi, shi ya kawo ƙwaryar, yana zaune kan turmi yana shan fura. Yana kiwo yamma da Safana, in an tambayi Fulanin bakin daji za a nuna rugarsa. Su biyu sun gani.

Wassalam.